Turaren Goggo a Cikin Kwamfuta

Sirajo ya ɗauko kwamfutar daga Argungu naɗe cikin bargo, ya rungume ta a gaban mota, har direba ya tambaye shi ko jariri ne. Ta mahaifinsa ce, marigayi Malam Hodi, tsohon ma'aikacin gidan rediyo da ya ƙare rayuwarsa yana naɗar hirar tsofaffin masunta a ɗakinsa. Mahaifiyar Sirajo, wadda gari duka ke ce wa Goggo, ita ta tayar da maganar. Idonta ya tafi, hoto ba ya yi mata amfani, ga shi ta ce muryar Malam ta fara ɓace mata. A hankali ta faɗa, amma ranar Sirajo kasa cin abinci ya yi.

A Birnin Kebbi aka nuna masa shagon Akanbi, Bayaraben da a garin aka yanke masa cibiya, Kabanci a bakinsa kamar kakansa ya yi su a kogin Rima. Akanbi ya jona wuta. Kwamfutar ta yi gurnani ta farka, hirarrakin na nan jere, amma sauti ko ƙis.

"Maganarta ta mutu," in ji Akanbi. "Kuma ka ji wagga ƙara, ƙas-ƙas? Ma'ajiyarta ce ke shirin tahiya. Na'urar karanta irin wagga ma'ajiya kuwa ba ni da ita."

Sirajo ya zaro filashi daga aljihu. "To mu kwashe mana."

"Ta ina? Duba da kanka."

Sirajo ya juya ta gaba da baya. Ramuka ga su nan, masu faɗi, masu haƙora, amma ba na filashi ko ɗaya. Shi manomin albasa ne, bai taɓa tunanin akwai zamanin da aka yi kwamfuta ba wannan ƙofar ba. Abin ya ɗaure masa kai, ya kuma ba shi sha'awa.

Akanbi ya jawo wani kwali ya yi ta tono, ya fito da wani koren allo kamar tafin hannu, da bakin zinare a ƙasa, da ramukan filashi a gefe. Ya ce kati ne. Masu ƙera tsofaffin kwamfutoci sun bar gurabe a cikinsu saboda abin da ba a ƙirƙiro ba tukuna. Sirajo ya riƙe katin yana jujjuyawa. Wato wani can a wata ƙasa ya yi ginin, ya bar wurin ƙofa ga baƙon da bai sani ba.

Da aka kwance murfin kwamfutar, sai ƙamshi ya cika shagon. Akanbi ya ja baya yana shaƙa.

"Malam Sirajo, kwamfuta ce ko ɗakin amarya?"

Sirajo ya leƙa. Ciki baƙi ƙirin, ya yi danƙo. Nan take ya gane aikin waye. Kowace Juma'a Goggo sai ta turara kayan Malam, riguna, rawani, buzu. Ashe kwamfutar ma ba ta tsira ba, kasko ake ajiye mata a gindi a lulluɓe da zane, wai kada kayan mamaci su yi warin ajiya. Ita kuwa kwamfutar, baiwar Allah, ta yi ta shan hayaki shekara da shekaru.

Aka soka katin, aka sa manhajarsa daga faifai, aka jona filashi. Shiru. Ƙas-ƙas ɗin kuwa sai ƙaruwa take. Tsoro ya kama Sirajo sosai, don ya riga ya yi wa tsohuwa alkawari.

Akanbi ya kashe wuta, ya zare katin, ya haska gurbin. Danƙon turare ya toshe haƙoransa. Ya ɗauko burushin haƙori da sifirit, ya miƙa wa Sirajo. "Turaren gidanku ne, kai za ka wanke."

Sirajo ya duƙa yana gogawa a hankali. Da ya bushe aka mayar da katin, ya zauna daram. Fitilar filashin ta kama ƙiftawa. Kusan rabi suka kwashe kafin ma'ajiyar ta yi ƙara ta ƙarshe ta tsaya.

Da la'asar ya iso Argungu. Goggo na kan tabarma, ya sa filashin a ƙaramar rediyonta. Muryar Malam Hodi ta fito tas, yana tambayar wani masunci yadda ake riƙe homar kamun kifi a ruwa mai zurfi. Goggo ta karkata kai tana saurare. Can cikin hirar sai Malam ya sarƙe da tari. Aka ji ya nisanta daga na'urar ya ɗaga murya.

"Asiya! Don Allah rage wanga turare, kashe mu za ki yi?"

Tun da aka binne shi ba wanda ya sake kiranta da wannan suna. Goggo ta gyara mayafi, ta juya wajen rediyon.

"Na'am, Malam," ta ce.