Kwalayen Obura a Ɗakin Surukarsa

Obura maƙwabcina ne a unguwar Donholm, gajeriyar katanga ce kawai tsakanin gidana da nasa, kuma ban taɓa ɓoye masa cewa ba na son halinsa ba. Ma'aikacin kamfanin inshora ne, yana da albashi, yana da mata da 'ya guda, amma ransa ba ya kwanciya sai ya ci abin da bai yi wa gumi ba.

Kamfanin jirgin saman da yake so yana da shafi a intanet. Idan mutum ya bi ta wannan shafin ya shiga shagunan da suka haɗa kai da kamfanin ya yi sayayya, sai a ba shi maki. Idan makin ya taru, sai ya hau jirgi ba tare da ya biya ba. Obura ya lura cewa makin yana shigowa tun kafin wa'adin mayar da kaya ya cika. Sai ya sayi kaya, ya ajiye kwalin bai buɗe ba, maki ya shigo, ya yanki tikiti da shi, sannan ya kira shagon ya ce ya fasa, a zo a ɗauka a mayar masa da kuɗinsa. Shi yana kiran wannan wayo. Ni na gaya masa sata ce, don mai shago ya biya mota zuwa da komawa a kan cinikin da tun farko ƙarya ne.

A wannan karon burinsa shi ne ya sauka garinsu Kisumu ta jirgin sama lokacin Kirsimeti, 'yan uwa su zo tararsa a filin jirgi. Makinsa bai kai ba. Sai ya ɗauki kuɗin makarantar 'yarsa Akeyo ya sayi firji da babban murhun gas. Yarinyar ta samu gurbi a makarantar kwana ta 'yan mata, kuma an faɗa musu ƙarara cewa duk wadda ba a biya mata ba kafin a buɗe, wata za a ba gurbinta. Ya jibge kwalayen a ɗakin baya, wanda ke ware da gidan.

Matarsa Apondi ba ta sani ba sai da motar shagon ta sauke kayan. Ina jin su ta katanga.

"Baban Akeyo, da wane kuɗi?"

"Aro na yi wa kaina. Za su dawo cif."

"Kuɗin yarinyar nan ka taɓa."

"Ban taɓa su ba, wurin zama na sake musu. Ke dai ba ki san yadda duniya ke tafiya ba."

"Na sani mana. Duniyarka kwali ce. Shekarar bara kujeru suka yi mana baƙunta, ka hana kowa ko jingina da su. Gidan nan tashar kaya ne, ni kuma mai gadi."

"Idan kika zauna kusa da taga kina kallon tafkin garinmu daga sama, za ki gode mini."

"Bas ba ta taɓa kashe ni ba."

Ana cikin haka uwar Apondi ta iso daga ƙauye, gwiwa ta matsa mata, ta zo ganin likita. Ba wanda ya yi tunanin inda za ta kwana, don abin sananne ne a al'adarsu: suruka ba ta kwana ƙarƙashin rufi ɗaya da mijin 'yarta. Ɗakin baya aka shimfiɗa mata. Daga ranar kuwa ɗakin ya haramta ga Obura. Ba ya taka bakin ƙofarsa, ba ya leƙawa, ko da tsohuwar ba ta nan.

Tsohuwa ta ga manyan kwalaye da hoton firji a jiki, ta tambayi 'yarta. Apondi ta ce, "Surukinki ne ya saya," kunya ta hana ta ƙarasawa. Ƙauyensu kwanan nan aka ja masa wutar lantarki, kuma tun da aka kai shanun aure Obura bai taɓa aika wa tsohuwar ko bargo ba. Sai ta haɗa wannan da wancan. Da yamma ya dawo daga aiki, ya tsaya nesa ya sunkuyar da kai ya gaishe ta, ta fara sa masa albarka. Ba ta dube shi ba, da 'yarta take magana yadda ya kamata.

"Gaya wa mijinki na ga abin da ya yi. Ashe shirun da ya yi tanadi yake yi. Gaya masa na kira matan cocinmu na faɗa musu."

Nan ne ya kamata ya buɗe baki. Kalma biyu sun isa. Amma yabo ya yi masa daɗi, ya ce, "Gaya wa Mama ba komai, ai nauyinmu ne."

Maki ya shigo, ya yanki tikiti. Saura mayar da kaya, wa'adi kuma yana ta matsowa. Ya roƙi Apondi ta fito masa da kwalayen idan tsohuwar ta tafi asibiti.

"Ni? Na shiga na sace wa uwata firjinta?"

"Ba nata ba ne, kin sani."

"Kai ka ce ba komai, da bakinka, ina tsaye. Je ka gaya mata da komai."

"Maman Akeyo, makarantar yarinyar nan fa."

"Yau ka tuna tana da makaranta? Kai ka sa kuɗinta a kwali, kai za ka fito da su."

Ya leƙo ta katanga ya ce ko ni zan taimaka, tunda ni ba surukinta ba ne. Na ce masa hannuna ba ya shiga wannan. Na ce ya je ya tsaya a gabanta ta bakin matarsa ya faɗi gaskiya, tsohuwa ce, ba za ta so jikarta ta zauna a gida saboda firji ba. Ya ce ba zai iya ba, duk ƙauye ya riga ya ji. Girmansa ya fi masa yarinyar, maganar ke nan.

Ranar ƙarshe ta wa'adin ya ƙi zuwa aiki. Apondi ta raka uwarta asibiti da safe, shi kuma ya kira motar shagon. Direban, wani Mutiso, ya zo wajen azahar shi kaɗai, ya tsaya a bakin gida ya ƙi matsawa.

"Yallaɓai, a ƙofa muke karɓar kaya. Ba ma shiga ɗakin mutane."

"Ga ɗakin nan, taku kaɗan ne. Zan ba ka na shayi."

"Shayinka ba zai riƙe ni ba idan aka ce agogo ya ɓace. Ai na san gidan nan. Ni na kawo kujeru, ni na kwashe su. Kai ne mutumin da kaya ba sa yi masa kyau sai ya kwana da su."

"Ka iya bakinka."

"Bakina lafiyarsa lau. Fito da kaya, ina da wasu gidajen."

Suna wannan sai ga Apondi da uwarta sun dawo, likitan bai zo ba. Tsohuwa ta dubi motar, ta dubi direban.

"Tambayi mijinki, motar nan ce za ta kai mini kayana gida?"

Apondi ta harɗe hannu. "Ga shi nan, Mama. Baban Akeyo, Mama na tambaya."

Obura ya yi ta kallon ƙasa. Mutiso ne ya amsa. "A'a Mama, shago za su koma. Ya ce bai so."

Tsohuwar ta zauna a kan ɗan bencin da ke ƙofar ɗakin, ta miƙe ƙafar da ke ciwo. Ba ta ɗaga murya ba.

"Tambayi mijinki, me na yi masa da zai ƙwace kyauta?"

"Gaya wa Mama ba kyauta ba ce tun farko. Kuskure aka yi."

"Tambaye shi, wa ya yi kuskuren? Ni ce na ce ba komai?"

"Gaya mata kuɗin makarantar Akeyo ne a ciki."

"To tambaye shi me kuɗin jikata ke yi a cikin firji."

Apondi ta ce, "Jirgi yake so ya hau, Mama. Yana sayen kaya a ba shi maki, ya mayar. Sana'arsa ke nan bayan inshora."

Tsohuwa ta ce, "Gaya masa ubanki da keke ya zo neman aurena, kuma keken nasa ne."

Mutiso ya buɗe ƙofar mota ya tada inji. Obura ya dubi motar, ya dubi matarsa. Apondi ba ta motsa ba. Sai ya wuce ta gaban surukarsa, rigarsa har tana gogar kafaɗarta, ya tura ƙofar ɗakin ya shiga. Tsohuwar ta ja mayafinta ta rufe fuska, ta juya ga bango. Ina tsaye a katanga na ga gadonta ta ƙofar, da zanenta na kwana a rataye. Babu namijin kirki da ya kamata ya ga wannan, na kau da kaina.

Ya jawo kwalin firjin yana nishi har bakin gida, ya koma ya jawo na murhun. Mutiso ya sauko ya zagaya su. An ɗaure kowanne da igiya tamau, an rubuta sunan tsohuwar da na ƙauyensu da manyan haruffa a kowane gefe, yadda kowa ke yi wa kayan da zai ɗora a bas. Salatif ɗin kamfani an yanke shi da wuƙa. Mutiso ya ɗaga murfin kwalin, ya ja ƙofar firjin, ya ja da baya yana toshe hanci. Busasshen omena ne, wato ƙananan kifi, cike da shi, wanda ta zo da shi daga tafki, ta adana a ciki saboda kyanwa. Tanda ta murhun kuwa ta cusa mata sukari da man girki da gwanjon da ta saya wa jikokinta na ƙauye, kada wurin ya tafi a banza.

"Yallaɓai, wannan ya zama naka."

"A goge mana. Ba a taɓa kunna shi ba."

"Ko an wanke shi da ruwan coci ba zan karɓa ba. Na kai wannan, ni za a kora."

Ya ɗauki hoton kwalayen da wayarsa, ya hau mota ya tafi.

Tsohuwar ba ta ƙara kwana a gidan ba. Ta ce ba za ta kwanta inda surukinta ya taka ba. Apondi ta haɗa mata kaya, ta kwashe kifin da sukarin a buhu, ta haɗa nata kayan da na Akeyo. Obura ya tsaya a tsakar gida yana cewa a jira, zai sayar da firjin. Apondi ta ce ya sayar, ya haɗa da kansa in akwai mai saye.

Ya sayar ɗin, bayan Kirsimeti, a kan abin da bai kai rabin kuɗinsa ba, don warin ya ƙi fita. Kafin ya haɗa cikon, makarantar ta buɗe, ta ba wata yarinya gurbin. Akeyo tana ƙauyen kakarta yanzu, tana zuwa makarantar jeka-ka-dawo a ƙafa. Yarinya ce mai kai, ba ita ta sayi komai ba.