Ɓawon Ƙaguwa a Hannun Ɗayyabu

"Nan fa?"

"Babu," in ji Ɗayyabu. "Soka da kyau, malam, ai ba hannunka ba ne."

Na matsar da ƙayar da nake gwada jinsa da ita zuwa tsakiyar tafinsa. Haka muke yi kowace safiya, ni da maƙwabcina, tun dawowarsa daga Masar. Lauje ne ya yanke masa jijiya a wuyan hannu lokacin yankan riɗi, yatsu uku suka daina ji. 'Yarsa Hanaa, mai aikin jinya a can, ita ta kai shi aka sa masa wani ɗan bututu da aka sarrafa daga ɓawon ƙaguwa. Wai jijiyar za ta tsiro ta bi ta ciki kamar yaɗon kabewa, daga baya bututun ya narke. Abin ya hana ni sakat. Har bakin kogi na je na kamo ƙaguwa, na wuni ina kallon bayanta, ina mamakin inda Allah yake ɓoye magani.

Sai dai jijiya a hankali take tafiya, ciwon zuciyar da yake fama da shi kuwa sauri yake yi.

"Mi ka gani?" ya tambaye ni. "Tana isa yatsu kafin in tafi? Ba ni son a rufe ni da hannun da bai san ni ba."

"Tana hanya."

"Awo. Kamar motar garin Dinder da damina."

Ran nan da la'asar na same shi kwance, ƙafafu sun kumbura, ido a rufe. Matarsa Sakinatu ta ɗebo ruwa a randa, ta ga hannun ya zamo daga gado, ta ɗaga ta gyara masa.

"Hajja," ya ce, bai buɗe ido ba, "hannunki da sanyi."

Ta tsaya cak. "Ina ka ji?"

"Babban yatsa. Sake."

Ta tsoma hannu a moɗa ta sake kamawa. Ya yi dariya, tari ya sarƙe shi.

"Alhamdu lillahi. Ku gaya wa Hanaa jijiyar ta iso."

Haka ta yi ta yi, ta tsoma, ta riƙe, in hannunta ya ɗumama ta sake tsomawa. Ana kiran magariba na ga ƙirjinsa ya tsaya. Ita ma ta gani. Ba ta saki ba. Ruwa na ɗiga daga yatsunsu, ƙasa tana shanyewa.