Madarar Iya Tambaya

Malam Dalhatu duba-gari mutum ne da matan Gusau ke kife randa in sun hango hularsa. Amma ran nan shi ne jikinsa ya yi sanyi, yana zaune a ofis ya zuba wa 'yar kwalba ido.

A Sabon Gari, Bala mai kanti ya sayi firji mai kananzir, yana haɗa madara da sukari ya daskarar, ya ce sunan abin askirim. Likita ya ce a gwada. Gwajin ba wuya: a narkar da cokali guda a kwalba, a ɗiga magani mai launin bula. In shuɗin ya daɗe, abin sha mai tsabta ne. In ya kwaranye da wuri, ƙwayoyin cuta sun yi yawa. Na Bala ko azahar bai kai ba ya koma fari fat.

Dalhatu ya bi ruwa, ya bi cokula, duk lafiya lau. Saura madara, wadda ake zubawa ɗanya. Mai kawo ta kuwa Iya Tambaya ce ta Karakkai, matar da ta shayar da shi bayan rasuwar mahaifiyarsa. Saniya ɗaya ta rage mata, kuma ta kafa wa Bala sharaɗi: kada madararta ta ga wuta, don a gidansu an yi imani in aka tafasa madara, nonon saniya ƙafewa yake. Doka kuma ta ce ko a tafasa, ko a hana ta kawowa.

Washegari da hantsi ya ɗauki hanyar Bungudu a keke zuwa Karakkai, yana ta shirya magana, yana rushewa.

Ya tarar da ita tana wanke ƙwarya. Ya tuɓe hular nan ya durƙusa.

"Iya, madararki na gwada. Sai an tafasa ta."

"Mi kac ce? Kai da nic ciyar, kai za ka ƙahe mini saniya?"

Ya yi bayanin ƙwayoyin da ido ba ya gani. Ta harare shi, ta ce idonta ya riga nasa ganin duniya. Kunya da tausayi suka rufe shi.

Can ta tambaya, murya ƙasa-ƙasa, "Akwai wanda ya sha bai ji daɗi ba?"

"'Yar Bala, Iya. Kwana uku tana zawo. Ta fara samun sauƙi."

Tsohuwa ta ajiye ƙwaryar. 'Ya'ya biyu ta binne da wannan ciwo, tun kafin a haifi Dalhatu. Sai ta shiga ɗaki ta fito da tukunya, ta juye madarar safe a ciki, ta ɗora a murhu.

"Hura wutar da kanka. Hannuna ba ya iyawa."

"Iya, wallahi ba za ta ƙafe ba."

"Kai dai hura. In ta ƙahe, ta ƙahe. Ɗiyan mutane sun fi."

Ya duƙa da kakinsa na aiki cikin toka yana hurawa. Ita kuwa ta kwance saniyar, ta ja ta bayan rumbu don kada saniyar ta gani. Daga inda yake yana jiyo ta tana shafa wuyanta, tana ba ta haƙuri.