Zanen Gawayi Bayan Randa

"Umma, mutumin nan mai bindiga da ke tsaye bayan randarmu, shi ma za mu ba shi kisra?"

Muhsina ta ɗago kai daga murhu, inda take gasa kisrar, siririyar gurasar dawa. Babu kowa bayan randa, sai bangon laka da wani zane mai kusurwa huɗu da ƙanenta Bilyamin ya yi da gawayi.

"Wane mutum, Malak?"

"Na cikin wayar Kawu. Ko an kashe wayar yana nan. Tun jiya ban sha ruwa ba, kada ya gan ni."

Bilyamin karatun wasan kwaikwayo yake yi a birnin Umdurman na Sudan kafin yaƙi ya koro shi ƙauyensu, kusa da Abu Na'ama. Ya tara matasa za su yi wa 'yan gudun hijirar da suka cika makaranta wasa ranar Juma'a. Ba dandali, ba kayan wasa, sai wata manhaja a wayarsa. In ya saita kyamara kan irin wannan zane, sai hoton mutum ya bayyana a fuskar wayar, tsaye a wurin kamar gaske. Da haka yake auna inda kowa zai tsaya, ta ina zai gudu, ina zai faɗi. Ya yi zane ɗaya a gida don gwaji, uku kuma a bangayen da suka kewaye filin tsakiyar gari.

Muhsina ba ta tsaya jiran ya dawo ba. Yarinya 'yar shekara biyar ta kwana da ƙishirwa saboda zane? Ta ɗauki tsumma da ruwa ta dirje shi, layi bayan layi, sannan ta ɗebo ruwa a moɗa ta tsaya har Malak ta shanye.

Kafin azahar maƙwabciyarta Fauziyya ta faɗo gidan ba sallama. "Ki fito! Sun ɗaure Bilyamin a fili!"

A jikin darbejiya ta tarar da shi, jallabiyarsa a yage. Wani matashi, Almu, yana zuba masa tiyon ban-ruwa a baya, maza sun yi da'ira. Leɓensa ya fashe, ido ɗaya ya rufe. A gaba Abdulmuttalib ke tsaye da sanda, dattijon da bara wani ya shafa wa ƙofarsa jan fenti, bayan kwana biyu masu bindiga suka zo suka tafi da tarakta da babban ɗansa. Har yau ba labari.

"Baba, don girman Allah! Wasa ne fa suke shiryawa!" in ji Muhsina.

"Wasa?" in ji tsohon. "Bangona ya samu na wasa? Wa ya tambaya? Ɗiyata, bara ma da alama aka fara. Jasus ne, gidaje yake nuna musu."

"Ku saita wayar kan zanen ku gani," in ji Bilyamin, jini na bin haɓarsa.

Muhsina ta waiga. Duk bangayen uku an yaɓe su da ɗanyar laka. Masu gidajen ne suka rufe tun da safe don tsoro.

"Akwai ɗaya a gida," ya ce. "Yaya, nuna musu na gida."

Muhsina ta ɓoye cewa ta goge shi, don ta san in ta faɗa a nan, a nan za su ƙarasa shi.

Suka kwance shi suka ja shi a ƙasa har gidan. Ta riga su shiga, ta tura Malak ɗaki, ta ce da Fauziyya ta rufe ƙofa ta toshe mata kunnuwa. Maza suka cika tsakar gida, suka dubi bangon. Danshi ne kawai.

"Ta goge! Tare suke!" in ji wani daga cikinsu. Sanda ta sauka a hannun Bilyamin, kowa ya ji ƙarar ƙashi. Ihunsa bai ƙare ba Almu ya zare wuƙar da ke ɗaure a damtsensa.

Muhsina ta shiga tsakaninsu. "Almu, ni na goge, da hannuna, don 'yata ta sha ruwa. Ka ba ni minti biyar. In ba ku ga komai ba, ga shi ga ku."

Ta tsamo gawayi daga murhu, da sauran zafinsa. Ta durƙusa. A cikin danshin akwai ɗan duhun layukan, kuma hannun da ya dirje su bai manta hanyarsu ba. Ta bi su: kusurwa huɗu, akwati uku a ciki, layi ɗaya a karkace. Ta zaro wayar daga aljihun Bilyamin, amma ba ta buɗewa sai da yatsansa, yatsan kuma duk jini. Ta goge shi da bakin mayafinta, ta danna. Ta saita.

Bango kawai a fuskar wayar.

"Halas, shi ke nan," in ji Almu.

"Kusurwar hagu," Bilyamin ya faɗa da ƙyar. "Ba ta haɗe ba."

Ta haɗe ta, fatar yatsunta na tashi. Ta sake ɗaga wayar, ta kai ta daidai idon Abdulmuttalib. Mutumin ya bayyana, dogo, fuska a naɗe da rawani, bindiga a kafaɗa, ƙafafunsa a ƙasar gidan.

Tsohon ya kurma ihu ya kai duka da iya ƙarfinsa. Sandar ta ratsa iska ta fasa randa. Ruwa ya malale ya jiƙa takalman mutane. A cikin wayar mai bindigar na nan tsaye, ko gezau.

Abdulmuttalib ya dubi bango, ya dubi waya, ya dubi yaron da ke kwance da karyayyen hannu.

"Haka ya tsaya a ƙofata," ya ce a hankali. "Daidai haka."

Ya saki sandar. Almu ya mayar da wuƙa, ba wanda ya kalli wani. Da amalanken jakin Abdulmuttalib aka kai Bilyamin wurin mai ɗori, tsohon da kansa ya riƙe linzami. Ranar Juma'a ba a yi wasa ba.

Muhsina ta sayi sabuwar randa ta ajiye a can gefen ɗakin girki. Zanen kuwa ba ta sake wanke shi ba. Tabarma ta rataya a kansa, in an yi ruwa ta ɗaga ta ƙara masa gawayi.

Kai kuma mai karatu, idan hanya ta biyo da kai ta garuruwan nan namu na bakin kogi, ka riƙe hannunka. Kada ka zana komai a bangon kowa, ko da lambar wayarka ce.