Koriyar Tutar Mu'azu

Shekara goma sha ɗaya mijina Mu'azu yana jiran jirgin ƙasa, ni kuma ina jiran ya yi hankali. Har na gaji na bar wa Allah.

Unguwarmu tana bakin Yamai, kan hanyar Dosso, bayan filin jirgin sama. Lokacin da aka shimfiɗa layin dogo ta nan, kamfanin da ya yi aikin ya gina wata hasumiya ta ƙarfe a gefen layin, mai matakala talatin da biyu da ɗan ɗaki a samanta. Suka ɗauki Mu'azu, mai gyaran rediyo, suka koya masa aiki na sati uku, suka ba shi hula da makulli da tutoci biyu. Ja, jirgi ya tsaya. Koriya, jirgi ya wuce. Ilimin ke nan gaba ɗaya, amma ka ga yadda yake tafiya sai ka rantse likita ne.

Ranar buɗe layi na soya masa zabuwa. Ya hau tun da safe, tuta a hannu. Muka ji kukan jirgi daga wajen gari, yara suka yi ta tsalle. Ashe manyan da ke ciki hoto kawai suka zo ɗauka. Jirgin ya tsaya can nesa, aka yi tafi, ya koma da baya. Ko hayaƙinsa ba mu gani ba. Mu'azu ya naɗe koriyar tuta, ya sa a akwatin kwano, ya ce: "Gobe ma rana ce."

Goben nan ba ta zo ba. Kamfani ya tattara nasa ya nasa ya tafi, kuma ba wanda ya tuna ya zo karɓar makulli. Ga Mu'azu, wannan shi ne shaidar cewa ba a sallame shi ba. Ya kwashi rediyoyinsa ya kai sama, yana gyara yana leƙen gabas. Kullum da safe sai ya kafa jar tuta a taga.

Mu dai 'yan unguwa mun ci moriyar abin. Ƙasimu mahauci ya gano cewa ƙarfen dogo yana ɗaukar zafi, ya mayar da layin wurin shanya kilishi. Ni na kafa teburin dambu da kopto, wato kwaɗon zogale, a inuwar hasumiya. Samari suna hawa neman rezon waya, liman yana hawa neman watan azumi, tattabaru kuma suka maida wurin makewayi. Mutane suka yi ta gina gidaje har suka matse wurin, ko amalanke ba ta shiga. Aka daina cewa hasumiya, sai Benen Mu'azu.

Yanzu bari in faɗi laifina, tunda ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Shekara biyar da suka wuce na hau kai masa abinci, ya sauka yin alwala, na buɗe akwatin nan. Kai! Yadi ne mai kyau, kore shar, ga santsi. Na ce a raina, jirgin da ba shi zuwa, me zai yi da wannan? Na ɗauke, na cusa tsohon zanen goyo a madadinta. Tela a Zongo ya zare sandar ya kalmashe bakin, ta zama kallabi. Na je biki da ita ya fi ashirin. Mu'azu da bakinsa ya taɓa ce min: "Ramlatu, kallabin nan ya karɓe ki." Na ce na gode, Malam.

Bara bayan damina mutanen meri, wato ofishin magajin gari, suka zo suka ƙwanƙwasa ƙafafun hasumiya, tsatsa ta zubo kamar garin barkono. Suka ce za ta faɗo kan mutane, ranar Alhamis za a yanke ta. Mu'azu bai ci abinci ba kwana biyu. Na yi masa faɗa, na yi lallashi, na kira ƙarfen nan sunayen da ba su faɗuwa, amma ko ɗaga kai bai yi ba. Gaskiya na ji tausayinsa, sai dai ban nuna ba.

Alhamis ta zo. Da yake mota ba ta shiga lungunmu, sai suka ɗoro tukwanen gas da injin yanka a kan wata 'yar mota mai tafiya bisa dogo, wadda ta shekara goma a ajiye. Ƙasimu ya kwashe kilishinsa yana zage-zage. Duk unguwa ta fito kallo, kowa da kwalliya, ni ma na ɗaura kallabina. Sai ga abin yana tahowa, ƙiƙi-ƙaƙa, yana tari. Abu na farko da ya taɓa biyo layin nan zuwa wajenmu ke nan.

Mu'azu ya leƙo ta taga ya ɗaga jar tuta. Motar ta tsaya cak, taku ashirin kafin hasumiya.

Shugaban ma'aikatan, wani mai tumbi da takarda a hannu, ya daka wa mai tuƙin tsawa ya wuce. Mai tuƙin nan Yakuba ne, wani dattijo Bazabarme, wanda suka yi karatun sati ukun nan tare da Mu'azu. Shi ma tun lokacin bai tuƙa komai ba sai taksi. Ya gyara hularsa ya ce: "Kala suru, shef, yi haƙuri. Abin da ke bisa dogo ba ya wuce jar tuta. Haka aka koya mana."

Shef ya ce: "Wace tuta? Mutumin nan ba ma'aikacin kowa ba ne!"

Yakuba ya ce: "Makulli yana hannunsa."

Wallahi na ɗauka mahaukaci ɗaya ne a ƙasar nan, ashe biyu aka yaye. Shef ya ce to a sauke tukwanen a ɗauka a ka. Ma'aikata suka dubi nauyinsu, suka dubi rana, suka zauna a teburina suka ce in zuba dambu. Ban taɓa ciniki irin na ranar ba. Aka yi azahar, tuta tana sama. Mutane suna ta kirari: "Sai kai, Mu'azu! Kada ka sauke!" Ni ma har da guɗa, don na tabbata ba zai taɓa neman koriya ba.

Wajen la'asar sai ya kira ni daga sama, da wata irin murya da ban san shi da ita ba. Na hau. A matakala ta goma sha bakwai ƙarfen ya motsa ƙarƙashin ƙafata, sai da na yi salati. Na tarar da shi zaune, akwati a buɗe, zanen goyo a cinyarsa.

Ya ce: "Kin ji matakalar? Jiya jikan liman ya kusa faɗowa daga nan. Mutanen nan ba ƙarya suka yi ba." Ya dubi ƙasa inda Yakuba ke zaune cikin rana. "Shekara goma sha ɗaya ina tsare hanya, Ramlatu, ban taɓa ba kowa hanya ba. Ga shi abu ya zo bisa dogo, an tsaya ana jirana, kuma tutar ba ta nan."

Bai tambaye ni ba, bai ma dubi kaina ba. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Na ja mayafi na rufe gashina, na kwance kallabin na miƙa masa. Ya juya shi, ya ga kalmasar tela, ya shinshina man kitso.

Ya ce: "Tun a sunan 'yar Ƙasimu na gane ta. Na ce gara ita tutar ta riƙa fita."

Ya zare jar tuta daga sandarta, ya ɗaura koriyar, ya saka hularsa ta aiki, ya tsaya a taga ƙiƙam. Ya kaɗa sau uku, a hankali, yadda aka koya musu. Yakuba ya miƙe ya sara masa, ya danna ham, motar ta yi takunta ashirin ta tsaya a gindin hasumiya.

Muka sauko da rediyoyi, shi a gaba ni a baya. Ya miƙa wa shef makulli, shef ya rasa inda zai sa shi. Kafin a kunna injin yanka, Mu'azu ya kwance tutar daga sanda ya ba ni.

Ya ce: "Ɗaura abinki. Na gama da ita."

Na ɗaura, ina kuka, ya gyara min gefen da ya karkace.