Maficin Maami

Sau uku ina sayen jiƙon zazzaɓi wurin Iya Tunrayo a kasuwar Itoku, ɗaci kamar ya tsinke min harshe, amma zafin nan bai fasa taso min daga ƙirji zuwa fuska ba. Wata bakwai rabona da al'ada. Mijina kuwa wai masifa ce ke cina.

Na je gida na durƙusa gaban mahaifiyata, gumi ya jiƙa ɗankwalina.

"Maami, ke ma kin yi wannan?"

"Shekara tara, Morenike."

"Me kika sha?"

Sai ta jawo tsohon maficinta, wanda muna yara muke cewa na yanga ne, ta ɗora min a cinya.