Koriyar Rigar Baba

Babanmu ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyar da lissafi a sakandare, kuma a iya sanina rigunansa duk ruwan toka ne. In ka buɗe durowarsa sai ka rantse hadari ne ya haɗo. Bayan rasuwar Mama abin ya ƙara gaba, har safa ta koma toka-toka.

Da ya yi ritaya sai ya fara shigo da tukwanen fure gida. Yau ɗaya, jibi biyu. Baranda ta cika, tagar kicin ta cika, har kan firij aka ɗora. Ni ce auta, ni kaɗai na rage a gida, don haka ni ke fama da ban ruwa. Ranar da na raka shi lambun da ake sayar da su a bayan asibiti na gano bakin zaren. Mai lambun wata dattijuwa ce doguwa mai wushirya, mijinta ya daɗe da rasuwa. Baba ya tsaya gabanta yana gyara gilashi, wai sau nawa ake ba wa wannan shukar ruwa.

"Malam, ai jiya na faɗa maka," in ji ta.

"Na manta ne, ranki ya daɗe."

Mutumin da har yau yana tuna makin ɗalibansa na farko!

Maganar aure ta kankama, muka koma kiranta Anti. 'Yarta mai sana'ar ƙawata wurin biki ita ta yanke cewa komai na bikin zai tafi da lambu, wato kore da rawaya. Hotunan kafin biki ma a cikin lambun za a yi, Anti ta sa rawaya, Baba ya sa kore.

Yaya, babbar 'yarsa, ta zo gida da kanta don ta lallaɓa shi. A hanya ta shirya jawabi, don ta tabbata ba zai yarda ba. Tana gama faɗa ya aje jarida.

"Wane koren?"

"Baba, kore dai."

"A'a. Kore kala-kala ne. Ba na son a yi aikin ganin dama."

Ya miƙe ya nufi baranda, ya dawo rungume da wata tukunya mai faffaɗan ganye. Ita ce shukar farko da ya saya a hannun Anti. Ya ce irin wannan koren yake so, ba ƙari ba ragi. Na ce ya bari in ɗauki hoton ganyen a waya, ya ce waya tana ƙarya. Na ce to a tsinki ganye ɗaya. Kallon da ya yi mini, sai ka ce na ce a yanke masa yatsa.

Haka muka shiga kasuwa washegari da tukunya. A mota ya sa ta a kujerar gaba ya ɗaura mata bel, ni da Yaya muka koma baya. A layin masu yadi yana gaba da shukarsa a ƙirji, ganye na taɓa masa haɓa, mu muna biye muna sunkuyar da kai. Wani mai shago ya leƙo ya ce, "Baba, ba ma saye!" Baba ya ce, "Ni ma ba na sayarwa. Aure zan yi." Layin ya ɗauki shewa. Ko a jikinsa, har da ɗaga musu hannu.

Shago bayan shago, sai a sauko da yadi, Baba ya kara shi da ganye, ya fita rana ya duba, ya dawo yana girgiza kai. Wannan ya yi duhu. Wancan ya cika ihu. Wani kuma wai kamar allon makaranta, shi ya gama da allo. Daga nan sabuwar rigima ta taso, don Yaya ta lura sabbin ganyen sama sun fi na ƙasa haske.

"To Baba, wanne muke bi, na sama ko na ƙasa?"

Ya ƙura wa ganyen ido kamar an ba shi tambayar jarrabawa. Sai ya miƙa mini tukunya, ya zaro waya, ya koma bayan wani tarin yadi. Muna jiyo shi yana "ranki ya daɗe", yana wata 'yar dariya ƙasa-ƙasa da ban taɓa sanin yana da ita ba. Mai shagon ya kawo mana kujeru. Da Baba ya dawo fuskarsa sai sheƙi take.

"Me ta ce?"

"Wai ta ci abincin rana, kuma an kawo mata sababbin tukwane."

"Baba! Ganyen fa?"

"Au." Ya sosa ƙeya. "Ban tambaya ba."

Yaya ta kifa kai a kan teburin mai shago tana dariya har da buga hannu. A ƙarshe muka ɗauki wani yadi mai laushi da ya tsaya tsakanin na sama da na ƙasa, Baba ya ce a lissafi ma haka ake yi.

Wurin tela kuwa, ana zagaya masa tef sai na ga Baba ya ƙara tsawo, tumbinsa ya ɓace. Telan, wani mai ƙiba da fensir a bayan kunne, ya tsaya ya dube shi.

"Malam, ka yi numfashi."

"Ina yi," in ji Baba da wata siririyar murya.

"Saki cikin, don Allah."

"Haka yake. Na rame kwanan nan."

Tela ya dube mu, muka kau da kai. Ya rubuta abin da tef ya nuna, ya ce shi dai ya faɗa.

Ranar hoto tun da safe gidan ya rikice. Baba ya je aski, ya dawo ya ce an rage masa da yawa, ya tsaya gaban madubi yana shafa kai. Ya fesa turare har sai da na buɗe tagogi. Rigar ta yi kyau, wallahi ta yi kyau: mai dogon hannu, maɓallai farare, da farin wando da takalmi ruwan ƙasa wanda mijin Yaya ya ara masa. Yaya ta naɗe wani ɗan hankici rawaya ta sa masa a aljihun ƙirji. Matsala ɗaya ce, rigar ta kama shi tsam. A tsaye lafiya lau. Zama ne aiki. A mota kishingiɗa ya yi kamar mara lafiya.

Anti na jiranmu a ƙofar lambu cikin doguwar riga rawaya da mayafi mahaɗinta, ta ɗan sa jan baki. Baba ya fito daga mota ya tsaya cak. Ita ma ta dube shi tun daga sama har ƙasa, ta rufe baki da gefen mayafi.

"Malam, kai ne?"

"Ni ma tambayar da nake yi ke nan."

Mai hoto wata budurwa ce mai kazar-kazar. Ta tsayar da su gaban shingen ganye, ta leƙa kyamara, ta ɗago.

"Baba, ka matso wajen Anti. Ka saje da shuka, kai da wando kawai nake gani."

Ya matsa da sauri, har ya fi yadda aka ce. Aka ɗauka a tsaye, aka ɗauka suna riƙe da butar ban ruwa ɗaya, aka ɗauka yana nuna mata wani abu a sama wanda babu shi. Duk wannan bai saki ciki ba, gumi na tsattsafo masa a goshi. Sai mai hoto ta nuna wani benci na katako ta ce su zauna, su kalli juna.

Ya zauna a hankali, bayansa a miƙe kamar sanda. Anti ta juyo, ta ga jijiyar wuyansa ta tashi, ta matso ta raɗa masa wani abu a kunne. Har yau ba mu san me ta ce ba. Baba dai ya fashe da dariya, maɓallin tsakiya ya yi tsalle ya bugi butar ƙarfe, ƙwal! Na ƙasansa ya bi shi. Tumbi ya dawo mazauninsa cikin farar singileti.

Ni na durƙusa a ƙasa don dariya. Mai hoto ta kasa riƙe kyamara. Anti tana dariya tana share hawaye, ta miƙa hannu ta katse wasu furanni rawaya masu dogon kara, ta ɗora masa a ciki, ta kamo hannunsa ta aza a kai.

"Riƙe nan. Kuma ka yi numfashi, ni haka na gan ka na ce ina so."

A haka aka ɗauki sauran. Mai hoto ta ce ta samu abin da take nema, Baba ya ce shi bai gama ba, 'ya'yansa su shigo. Na ruga na tsugunna gabansu. Yaya ta tsaya daga nesa, ta naɗe hannu, idonta ya ciko. Ita ta fi mu daɗewa da Mama, kuma duk hidimar nan ba ta taɓa tayar da zancenta ba. Anti ta matsa gefe, ta buga bencin da tafin hannu.

"Zo nan, 'yata. Ga wurinki tsakaninmu."

Yaya ta zo tana goge ido da bayan hannu. Tana zama bencin ya yi ƙara, Baba ya matse don ya ba ta wuri, maɓalli na uku ya tashi ya faɗa cinyarta. Ta ɗauka ta duba, ta dubi Baba, sai kuka da dariya suka haɗe mata, ta jingina kai a kafaɗar Anti. Mai hoto ta yi ta dannawa.